Hausar Sujadar Iyali Ran Lahadi

A gidajen Kirista da yawa a Filato, iyali kan taru da sassafe ran Lahadi kafin a tafi majami'a. Hausa ba harshenmu na gado ba ne, amma da ita muke wannan zama a gidanmu. Mukan fara da waƙa, Baba ya faɗi sura da aya, yaro ya karanta daga Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932. Bayan tattaunawa, Mama ta rufe da addu'a.

Sura, aya, addu'a da sujada duk aro ne daga Larabci, sai dai ma'ana kan sauya. Ga Musulmi, sujada ita ce sa goshi a ƙasa. A wurinmu kuwa, taron ibadar ne gaba ɗaya. Mai fassara ya kiyaye wannan bambanci.