Tsofaffin Fayafayen Kiɗan Rok Sun Dawo Hannun Masu Su

Duk wanda ya yi makarantar sakandare ko jami'a a ƙasar nan tsakanin 1970 da 1978 ba zai rasa tuna wani irin kiɗa mai ƙarar jita da rugugin ganguna ba, wanda samarin lokacin suka riƙa saurare a ɗakunan kwanansu da wuraren rawa na ƙarshen mako. Shi ne kiɗan rok. Ɗaliban nan a yau yawancinsu sun yi ritaya daga aikin gwamnati, sun yi jikoki, fayafayen kuwa tuni ƙura da zafi suka cinye su. Amma daga baya waƙoƙin sun fara dawowa kunnuwansu ta hanyar da ba su zata ba, wato daga Turai da Amurka.

Asalin kiɗan dai daga Amurka ne, a shekarun 1950, sa'an nan samarin Ingila irin su Beatles da Rolling Stones suka ɗauka suka yaɗa shi ko'ina cikin duniya. Kafin yaƙin basasa akwai 'yan ƙungiyoyi a Ikko da ke kwaikwayonsu, kamar Hykkers, sai dai kiɗan hailaif ne ke da kasuwa a lokacin. Bayan da aka gama yaƙi a Janairun 1970 al'amarin ya sake. Samari da dama, musamman a Gabas, sun fito daga yaƙin ba sana'a ba dukiya, kuma wasu rundunonin soja suka riƙa ɗaukar nauyin makaɗa da ba su kayan kiɗa domin nishaɗantar da dakaru. Ta haka ƙungiyoyi irin su Funkees da Wings suka taso a Aba. Sun koyi salon Jimi Hendrix da Santana, suka haɗa shi da kiɗan gangunan gida, har ya zama wani abu dabam wanda ba na Turawa ba ne tsantsa.

Shekarar 1973 ita ce ganiyar wannan kiɗa. A cikinta ne ƙungiyar BLO ta mutum uku, wato Berkley Jones da Laolu Akintobi da Mike Odumosu, ta fitar da faifanta na farko. A cikinta ne kuma wasu 'yan makarantar St. Gregory's da ke Obalende a Ikko, waɗanda suka kira kansu Ofege, suka fitar da faifai mai suna Try and Love a kamfanin EMI, ƙarƙashin kulawar Odion Iruoje. Faifan ya sami karɓuwa ƙwarai wajen ɗalibai, don kuwa sun ga tsararsu ne, yara masu zuwa aji da safe kamar kowa. Har ila yau a shekarar ne Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream ta Ingila, ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, shi kuma Paul McCartney ya zo Ikko ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run a ɗakin EMI da ke Apapa.

Arewa ma ba a bar ta a baya ba. A Kano akwai ƙungiyar Elcados, wadda ita ma EMI ta buga wa faifai. A Zariya kuwa Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, kafin daga baya muryarsa ta shiga kowane gida mai talabijin ta hanyar wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn. Ɗalibin da ya tashi da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos a gida, idan ya koma makaranta sai ya tarar da wannan baƙon kiɗa, kuma da yawa sun riƙe duka biyun ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, ƙananan ma'aikata da dama sun sayi na'urar juya faifai da manyan lasifikoki, abin da ya ƙara wa kasuwar ƙarfi.

Sai dai zamanin bai daɗe ba. Funkees sun koma Landan tun 1973. Mawaƙin Wings, Spud Nathan, ya rasu a haɗarin mota a 1974. 'Yan Ofege sun gama makaranta sun watse neman ilmi mai zurfi, Mike Odumosu kuma ya koma ƙungiyar Osibisa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kiɗan disko da rege sun janye hankalin samari. Daɗin daɗawa kaset ya shigo, ya sauƙaƙa wa masu satar fasaha kwafar waƙa su sayar da arha, alhali mai waƙar bai sami ko kwabo ba. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanonin faifai na Turawa suka sayar da rassansu suka fice. Kaset-kaset na asali da aka ɗauki waƙoƙin a kai, da yawa sun ɓace ko sun lalace, su kuwa fayafayen da ke gidaje aka jibge su a ɗakunan ajiya, wasu aka zubar.

Waɗanda suka fara tono su baƙi ne. Masu tara tsofaffin fayafaye daga Turai da Amurka sun riƙa zuwa Ikko da Onitsha da Aba suna saye a hannun 'yan gwanjo. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila, wanda Miles Cleret ya kafa, ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria Rock Special, a ciki har da na Elcados, sa'an nan ya ƙara da wani tarin a 2010. A 2016 kamfanin Now-Again na Los Angeles ya fitar da Wake Up You! kashi biyu, tare da tarihin ƙungiyoyin wanda marubuci ɗan Nijeriya Uchenna Ikonne ya shafe shekaru yana bincikawa. Daga nan waƙoƙin suka hau intanet, inda kowa zai iya samunsu a wayarsa.

Ta wannan hanya ce tsohon ɗalibin Barewa ko Kwalejin Bayero, wanda rabonsa da jin wata waƙa shekara arba'in, yakan ji ta kwatsam a wayar jikansa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji ko ya gani daga ƙuruciya zuwa wajen shekara talatin ya fi komai zama a ƙwaƙwalwarsa, kuma waƙa na daga cikin abubuwan da suka fi saurin tayar da shi. Shi ya sa dattijo kan manta abin da ya ci jiya, amma ya bi baitin da ya haddace a 1974 ba tuntuɓe. Tare da baitin sai ɗakin kwanan ya dawo, da abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Wasu kuma sai yanzu suke gane cewa waƙoƙin da suka ɗauka na rawa ne kawai suna ɗauke da raɗaɗin samarin da suka tsira daga yaƙi.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma maganar nan ta wuce begen ƙuruciya. Da yawa daga cikin makaɗan sun tsufa cikin rashi, wasu sun rasu kafin duniya ta waiwaye su, alhali faifansu na asali ana cinikinsa da tsada a ƙasashen waje. Sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha da aka sa wa hannu a 2023 za ta yi amfani ne idan su ko magadansu sun san haƙƙinsu, sun kuma sami mai tsaya musu. Bayan haka, abin da ya sami fayafayen rok shi ne ke barazana ga tsofaffin kaset-kaset na makaɗan Hausa da ke gidajen rediyo da hannun jama'a, don zafi da laima ba su bambanta jita da kukuma.

Saboda haka aiki ya rage ga hukumomin adana tarihi da jami'o'i da gidajen rediyo su tattara abin da ya saura, su mayar da shi cikin kwamfuta, su kuma ɗauki bayanin makaɗan da ke raye. Wanda kuma ke da tsohon faifai a ƙarƙashin gado, ya kamata ya fito da shi, ya goge shi da ƙyalle mai laushi, ya jingine shi a tsaye cikin inuwa nesa da zafi, ya kuma rubuta wa 'ya'yansa shekarar da ya saye shi da garin da ya fara jinsa.