Kiwon Karnuka: Tun Daga Barbara Har Zuwa Sabon Gida

Karya tana haihuwa bayan kimanin kwana 63 da ɗaukar ciki, amma aikin mai kiwo na gari yana somawa tun kafin barbara. Abin da yake fara dubawa shi ne lafiyar uwa da uba, domin cututtuka da dama a karnuka gado ne. Karen Jamus da aka fi sani da Alseshiyan, wanda ake ajiyewa don gadi a biranen Nijeriya, yana yawan fama da ciwon ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Kare yana tsufa sai gurguntaka ta kama shi. Hoton ƙashi a wurin likitan dabbobi yana nuna wannan lahani, kuma wanda aka same shi da shi bai kamata a bar shi ya yi barbara ba, komai kyansa. Haka ma kare mai faɗa ba dalili ko mai tsananin tsoro, don hali ma yana bin jini.

Ita uwar tana da haƙƙi. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ba ta yi wa 'yan kwikwiyo rajista idan an yi wa uwarsu barbara kafin ta cika shekara ɗaya, ko kuma ta riga ta haihu sau 4.

Ana haifar kwikwiyo ido rufe, kunne toshe, sai wajen mako biyu idanun su buɗe. Dakashin da ya sha a ranar farko shi ne garkuwarsa ta farko. Daga mako biyu ake fara ba shi maganin tsutsar ciki, tsakanin mako 6 zuwa 8 a soma allurar rigakafi, musamman ta cutar fabo mai kawo amai da gudawar jini, wadda ke iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Allurar ciwon haukan kare tana zuwa a wata uku, kuma ita ce ba a wasa da ita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da suka kamu da wannan ciwo daga kare suka same shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana sarrafa wannan allura.

A waɗannan makonni ne kuma kwikwiyo ke koyon zaman duniya. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a wasa, ɗan'uwan ya yi ƙara ya janye, ta haka yake gane iyakar cizo. Wanda aka raba da uwarsa da wuri yakan tashi da fargaba da saurin kai hari, kuma irinsa ne ke yi wa yaran gida illa. Saboda haka dokar Ingila ta hana sayar da kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. A watan Afrilun 2020 aka ƙara da wata doka mai suna Lucy, sunan wata karya da aka ceto daga gonar da ake tara karnuka don haihuwa kawai a yankin Wales. Dokar ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba: mai so sai ya je wurin wanda ya kiwata, ko gidan ceton dabbobi.

Zaɓen gidan da kwikwiyo zai koma shi ne ɓangaren da aka fi yi wa sakaci. Mai kiwon kirki yakan yi wa mai saye tambayoyi. Don me yake son karen, farauta ko gadi? Akwai ƙananan yara a gidan? Akwai fili da inuwa da ruwan sha, ko ɗaure shi za a yi da sarƙa a rana? Zai iya ɗaukar nauyin abinci da magani na shekara 10 ko fiye? Karen mafarauci mai son gudu ba zai zauna lafiya a ɗan tsakar gida ba, kuma babban karen gadi ya fi ƙarfin wanda bai taɓa riƙe kare ba. Idan amsoshin ba su gamsar ba, ƙin sayarwa shi ne daidai, ko da an zo da kuɗi a hannu.

Ranar rabuwa ana haɗa wa mai saye da katin allurai da bayanin abincin da kwikwiyon ya saba ci, a kuma yi alkawarin cewa idan riƙon ya gagara, za a dawo da shi wurin mai kiwo, kada a sake shi a titi.