Ƙugiyar da ke kai sojan jini cikin kaluluwa

Duk wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa, kashegari kaluluwa ta fito masa a matsematsi, to ya ga aikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda suke gane ƙofar kaluluwa, alhali jini na gudu da su kamar ruwan kwari.

James Gowans na jami'ar Oksfod ne ya nuna a jikin ɓeraye, a 1959, cewa zagaye suke yi: daga jini su shiga kaluluwa, su fito su koma jini. A 1964 ya gano ƙofar ma, wasu 'yan siraran jijiyoyin jini ne masu kaurin bango. Saura a san abin da ke tsayar da su a wurin.

Steven Rosen na jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya ce sukari ne. Ba na shayi ba, irin wanda ke lulluɓe da fuskar ƙwayoyin jiki. Ga yadda ake gwadawa: ana daskarar da kaluluwa, a yanko ta siriri kamar ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a zuba mata limfosayit. Da an leƙa madubin likita sai a gan su sun yi cincirindo a kan waɗancan jijiyoyi kaɗai, kamar ƙudaje a kan mangwaro. Amma a 1983, da Rosen da Lloyd Stoolman suka zuba wani sukari da ake samu daga ciyawar teku, sai ƙwayoyin suka ƙi mannewa. Hujja ce, sai dai ba a kama mai kama sukarin ba tukuna.

A shekarar dai, ɗakin binciken Irving Weissman a Istanfod ya samar da sinadarin garkuwa mai suna MEL-14, wanda ke toshe wani furotin a fuskar limfosayit ya hana ta shiga kaluluwa. Da MEL-14 aka tsamo furotin ɗin, aka bi sawunsa har zuwa ƙwayar gadon da ke haifar da shi, aka kwafo ta. A watan Maris na 1989 ayari biyu suka fito da sakamako: Laurence Lasky na kamfanin Genentech tare da Rosen, da kuma Mark Siegelman tare da Weissman. Da aka karanta jerin, ashe kan furotin ɗin lektin ne, wato dangin furotin masu cafke sukari. Maganar Rosen ta tabbata.

Wani abin mamakin kuma, a wannan shekara masu binciken kumburi da masu binciken daskarewar jini, kowa da harkar gabansa, suka kwafo furotin biyu masu irin ƙirar nan sak. A 1991 aka raɗa wa gidan suna selektin, na limfosayit ya zama L-selektin. Ƙugiya ce mai kamawa ta saki, ta kama ta saki, har ƙwayar ta rage gudu ta riƙa mirginawa a bangon jijiya, sannan wasu furotin su riƙe ta gam ta kutsa ciki.