Raƙuman Dawa na Kure da Haƙƙin Maƙwabtaka

Duk wanda ya bar birnin Yamai ya miƙi hanyar Doso, in ya ci kimanin kilomita 60, zai isa ƙasar Kure, inda Allah cikin hikimarsa ya taskace ragowar wata halitta wadda a zamanin kakanni take kiwo tun daga Senegal har zuwa gaɓar Tafkin Chadi, watau raƙumin dawa na Afirka ta Yamma. Farauta da fari da saran daji suka yi ta cin su ƙasa bayan ƙasa, har ya zamana a shekarar 1996 ba su wuce 49 ba, kuma duk faɗin duniya babu sauran irinsu sai waɗannan. Da hukumar Nijar ta farga, ta tsananta hani, dokar farauta ta 1998 kuma ta tabbatar da haramcin kashe su, sai Allah ya sa albarka, suka hayayyafa har suka haura 600 kafin shekarar 2018.

Amma fa haramta kisa rabin magani ne, domin dabbar da aka kare daga bindigar maharbi, aka kuwa bar gatarin mai faskare yana cinye mazauninta, an jinkirta ajalinta ne kurum. Raƙuman Kure ba a cikin shinge suke ba; tsakanin gonakin Zabarmawa da mashekarin Fulani suke yawo. Da damina sukan hau tudu su ci ganyen geza da danginta, in rani ya yi kuma su gangara kwarin Dallol Bosso su dogara ga gawo, itacen nan mai saɓa wa sauran itatuwa, wanda yake fid da ganye a lokacin da kowa ya zubar da nasa. To, dajin tudun nan shi ake sarewa ana lodawa a mota zuwa murahun Yamai, gonaki kuma kullum ƙara cin gefensa suke yi. Saboda haka in yunwa ta kori raƙumi ya faɗa wa waken talaka ko mangwaronsa, wanda bai san asali ba sai ya ɗora wa dabbar laifi.

Keɓe daji domin maslahar jama'a kuwa ba bidi'ar Turawa ba ce. Malaman fiƙihu sun san babin hima, sun kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza a zamanin halifancinsa. Game da tausayin dabba kuma, hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa zunubansa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Da aka ga hatsarin tara raƙuman Kure wuri guda, inda annoba ɗaya za ta iya share su, sai a watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu suka ɓace kusan shekara hamsin kafin nan. Aiki ne mai wuyar sha'ani, domin likita yakan harbi raƙumi da allurar barci, da ya faɗi kuwa dole a yi maza a ba shi makarinta tun numfashinsa bai tsaya ba, a rufe masa idanu, a toshe kunnuwa, a ja shi da igiyoyi zuwa mota. Sai da suka yi makonni a garka suna sabawa, sa'an nan aka yi tafiyar kilomita 800 da su a hankali.

Wannan himma abar yabo ce, sai dai ba za ta ɗore ba in aka manta da manomi, wanda shi yake kwana yake tashi da dabbar. Matuƙar kuɗin 'yan yawon buɗe ido da taimakon ƙungiyoyi suna komawa gare shi ta hanyar rijiya da rance da irin shuka, zai tsare gawo ya kori maharbi da kansa. In kuwa aka bar shi da asarar wakensa shi kaɗai, to babu yawan ma'aikatan gandun daji da zai isa ya tsare dokar.