Fitila Mai Ganin Motsi: Mu Duba Kafin Mu Jefar

Ƴan'uwa manoma, a garake na bakin kogin Isa, daga Gamkalle har Saga, yau muna rataya fitilu masu cin hasken rana. Wasunsu ba sa kamawa sai wani ya gitta. Suna tsare mana garka da akurkin kaji. Amma da fitila ta yi gardama, sai mu jefar da ita mu nufi kasuwar Katako. Wannan asara ce, domin sau da yawa lafiyarta lau.

Yadda take aiki

A gaban fitilar akwai wani farin ido. Ba siffar mutum yake gani ba, ɗumin jiki yake ji idan ya motsa. Sai ya aika saƙo ga wata ƴar ƙwaƙwalwa da ke ciki, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita ce ke ba da umarni wuta ta kama.

Idan ta ƙi kamawa

1. Da rana ba ta kamawa. In za mu gwada ta, mu rufe allon da ke shan rana da hannu.
2. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana rufe allon da idon. Mu riƙa share su da tsumma mai laushi.
3. Mu tabbata allon yana shan rana wuni guda, ba inuwar mangwaro ba.
4. Mu rataye ta kamar mita 2 daga ƙasa. Ta fi ganin mai gittawa a kan mai tunkarar ta.
5. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. A watan Afrilu zafin Yamai yakan haura digiri 40, bango da ƙasa su kwana da ɗumi. Sai idon ya kasa bambancewa daga nesa. Ba lalacewa ba ce.

Idan tana kamawa babu kowa

Mu duba ko tana kallon murhu, ko turken awaki, ko reshen da iska ke kaɗawa. Mu juya ta, mu ba ta minti 1 ta natsu.

In duk mun yi wannan amma tana mutuwa da wuri, batir ne ya gaji. Mai gyara zai canja shi. Kada mu jefa tsohon a wuta, yana fashewa. Kada kuma yara su yi wasa da shi.

Gargaɗi

Jikin maciji yana bin zafin wurin da yake, saboda haka idon ba ya ganin sa. Duhun fitila ba shaidar lafiyar hanya ba ne. In za mu shiga garka da dare, mu sa takalmi rufaffe, mu riƙe tocila. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure, a kai shi asibiti nan take. Rigakafi ya fi magani.