Darasin da Kurkunu Ya Bar Mana

Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin kurkunu ba, amma iyayenmu sun san azabarsa. A ƙidayar da aka fara a 1988, an sami fiye da mutum 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da shi. Ciwon nan ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. To, da me aka kore shi? Da ilimin kiwon lafiya, wanda yake tsaye a kan abu uku.

Na farko, sanin hanyar cutar. A dā wasu sun ɗauka sammu ne. Gaskiyar ita ce 'ya'yan tsutsar suna cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan tafki. In mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda tsutsar, mai tsawon kusan mita ɗaya, takan ɓullo, yawanci a ƙafa. A arewa da damina takan fito, ta kwantar da manomi daidai lokacin noma.

Na biyu, sake hali. Sani kaɗai ba ya warkarwa. Mutum yakan yarda da bayanin, amma in ƙishi ya kama shi a gona, sai ya duƙa ya sha daga kududdufi. Saboda haka aka koyar da mutanen gari su riƙa bi gida-gida, suna nuna yadda ake tace ruwa da ƙyalle, suna komawa a kai a kai har abin ya zama jiki. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun taka har ƙauyuka domin wannan aiki.

Na uku, hakkin maƙwabci. Wurin da tsutsar take fitowa yana zafi kamar wuta, mai ciwon kuwa ba abin da yake so sai tsoma ƙafa a ruwa. Amma da ya tsoma, tsutsar za ta zuba dubban 'ya'ya a ruwan da gari yake sha. Aka roƙe shi ya daure saboda wasu, aka roƙi jama'a kuma su ɗebo masa ruwa maimakon su ƙyamace shi. Gama wanda ake kunyatarwa yakan ɓoye ciwonsa, ɓoyayyen ciwo kuwa shi yake yaɗuwa. Ashe ƙaunar maƙwabci da muke koya a sujada tana da aiki har a bakin tafki.

Kurkunu ya tafi, amma kwalara da taifot suna nan, ta ƙazamin ruwa da hannu marar tsabta suke shiga. Dukanmu mun san a wanke hannu da sabulu bayan fita daga bayan gida. Mu nawa muke yi in ba mai kallonmu? Ɗalibin da ya ɓoye gudawa a ɗakin kwana, ko ya tsoma kofinsa cikin randar kowa, ba kansa kaɗai yake cuta ba.

Ku da kuke gama makaranta bana, ku kai wannan darasi gida, ku fara da kanku. Ubangiji ya ba mu lafiya, da zuciyar kula da juna.