Ƙwayar da Aka Ɗinka a Amurka 'Yar Dangin Ciwon Huhun Shanunmu Ce

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa masana sun haɗa ƙwayar halitta a ɗakin gwaje-gwaje, sai Facebook ya kama da wuta. Wannan ya ce Turawa sun fara ja da ikon Allah, wancan ya ce alamar tashin duniya ce. A cikin hayaniyar babu mai tambayar wace ƙwaya ce ma aka taɓa. Da an tambaya, da makiyayin Bodinga ya riga kowa kasa kunne.

A watan Mayun 2010 cibiyar J. Craig Venter da ke Amurka ta sanar cewa ta kwafi kundin gadon wata ƙwayar cuta, harafi sama da miliyan ɗaya, ta harhaɗa shi daga sinadarai, ta zura shi cikin wata ƙwayar mai rai, ita kuwa ta ci gaba da hayayyafa bisa sabon umarni. Tela ya ɗinka riga, amma jikin da ya sa ta ba aikinsa ba ne. A 2016 suka rage kundin zuwa ƙwayoyin gado 473, suka kuma amsa da bakinsu cewa 149 daga ciki ba su san aikinsu ba. Masu son farawa daga tushe, irin su shirin BaSyC na ƙasar Holan, suna nan suna cusa furotin da DNA cikin 'yan kumfan kitse, kuma har yau ba su samu wadda za ta ci, ta girma, ta rabu biyu ba tare da ana tallafa mata ba.

Sunan ƙwayar da aka kwafa Mycoplasma mycoides. Reshen da Venter ya ɗauka na awaki ne. Ɗaya reshen shi ke haddasa ciwon huhun shanu, wanda babu ardon da bai san shi ba tsakanin Sifawa da Shagari.

Saniyar da ya kama takan ware daga garke ta tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana tari tana nishi. Idan mahauci ya fede ta sai ya tarar huhun ya manne da haƙarƙari, ƙirjin cike da ruwa rawaya. Mafi muni ita ce wadda ta warke a ido, ta yi ƙiba, aka kai ta kasuwa, alhali cutar na ƙunshe a wani lungu na huhunta. Tari ɗaya a mashaya lokacin rani, inda garkuna ke cunkushewa kamar bakin madatsar Shagari, ya isa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne makiyayan Afirka ta Yamma sun daɗe da nasu rigakafin. Sukan yanki ɗan huhun saniyar da ta mutu, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya su cusa. Wurin ya kumbura, wani lokaci ya bar tudu mai tauri kamar ƙaho. A 1880 wani Bafaranshe mai suna Rochebrune ya ga irin waɗannan shanu na Senegal, ya ɗauka sabon jinsi ne mai ƙaho uku, har ya raɗa masa suna Bos triceros. Tabon rigakafi ne bawan Allah ya gani bai gane ba. Likitan Beljiyam Louis Willems, wanda ya bayyana irin wannan dabarar a wutsiya a 1852, sunansa na cikin littattafai. Makiyayan da suka yi ta a karan hanci babu wanda ya rubuta nasu.

Allurar da cibiyar Vom ta kusa da Jos ke haɗawa a yau, T1/44, ta samo asali ne tun shekarun 1950. Tana buƙatar sanyi, kariyarta ba ta daɗewa, sai an maimaita duk shekara, wani lokacin kuma wurin allurar ya kumbura har makiyayi ya rantse ba zai sake kawo shanunsa ba. An kawar da ciwon bushiya daga duniya a 2011, na huhu kuwa yana nan daram.

A nan ne aikin ɗinkin ƙwaya ya shigo ruga. Masu bincike na cibiyar Venter da na cibiyar ILRI da ke Nairobi sun yi amfani da dabarar suka cire ƙwayoyin gado 68 daga reshen awakin, suka gwada a kan awaki, kuma a 2019 suka ba da rahoton cewa dafinta ya mutu. Ba a kai ga sabuwar allura ba tukuna, amma hanyar da ake bi ke nan.

To ina namu? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi, jiharmu kuma ita ce gidan Bokoloji da jar akuya. Gwamnatin da ke taron ƙaddamar da rigakafi da ganguna ya kamata ta ba ɗaliban nan kuɗin ɗebo samfur daga mahautan Bodinga da Shagari a karanta kundin gadon ƙwayar da ke yawo a garkunanmu, ta kuma tabbatar firjin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma na da wuta. Allurar T1/44 da aka narkar a ruwa, aka bari a rana, ba ta kai wa la'asar da ƙarfinta.